The Office: wanne za a fara kallo?

Ɗan'uwa, ka tambaya kan The Office, shirin barkwancin nan na talabijin kan ma'aikatan ofis, ko na Ingila za ka fara kallo ko na Amurka. Ni dai na Ingila zan ce, don kashi 14 ne kacal, a kwana biyu ka gama. BBC ta nuna shi daga 2001 zuwa 2003, Ricky Gervais da Stephen Merchant suka rubuta, Gervais kuma ya fito a matsayin David Brent, manajan kamfanin sayar da takarda a garin Slough.

Amma ka shirya jin kunya. Brent irin ogan nan ne da zai yi barkwanci, kowa ya yi tsit, shi kuma ya kalli kyamara yana jiran tafi. Da aka sallame shi daga aiki yana roƙon a bar shi, wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Na Amurka, wanda NBC ta fara a 2005, ya kai kashi 201 zuwa 2013. Kashin farko kusan kwafin na Ingila ne, sauran zango na farko ma salonsa ya bi, kada ya kashe maka gwiwa. Daga zango na biyu suka sassauta halin manajan, Michael Scott, wanda Steve Carell ya fito a matsayinsa, ya zama wawa mai zuciyar kirki, mutanen ofishinsa na garin Scranton kuma suka koma kamar 'yan gida ɗaya. Shi nake kunnawa in na dawo a gajiye. Bayan tafiyar Carell a zango na bakwai kuwa, armashinsa ya ragu sosai a wurina.