Ƙungiyar tallafa wa matasa: ta ina za ku fara?

Ɗan'uwa, na fahimci ku matasa ne ma'aikata, kuna koya wa yaran unguwa sana'a a ƙarshen mako, yanzu kuna son ƙungiyar ta samu rajista.

Ku fara rubuta tsarin mulki: wa zai riƙe kuɗi, shekara nawa shugaba zai yi. Sai rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta Najeriya, a matsayin amintattu, wato mutanen da za su wakilci ƙungiyar a gaban doka, bisa dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020. Za a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan nan ku nemi takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram, domin banki kan tambaye ta wajen buɗe asusu.

Kuɗi ne ya fi damuna. Kada gudummawa ta shiga asusun mutum ɗaya, ko amininku ne. Mutum biyu su riƙa sa hannu, a adana kowane rasit, har na zare da allura. Kuma in kun raba keken ɗinki, ku koma bayan wata uku ku gani: yarinyar tana ɗinki, ko an sayar da keken an ci abinci?

Tsarin mulkin lauya ya duba muku, rahoton shekara na CAC kuma ku nemi akanta.