Amsa ga ƙanwarmu mai son buga waƙoƙin ƙagen kimiyya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan amsar don ƙanwarmu ce da ta yi tambaya ɗazu, amma duk mai sha'awa ya saurara. Ƙanwata, na ji saƙonki. Kin ce kin tara waƙoƙi wajen talatin a kan sararin samaniya, da mutum-mutumi, da rayuwar da za a yi nan gaba, kina son ki haɗa su littafi, kuma wani kamfanin ɗab'i ya ce ki biya kuɗi ya buga miki. Kika kuma tambaya ko akwai ma masu karanta irin wannan waƙa.

To, bari in fara da ta ƙarshen, don na ji alamar ita ce ta fi damunki. Akwai su, kuma ba yau aka fara ba. A 1956 wani mawaƙi ɗan ƙasar Suwidin, Harry Martinson, ya fitar da Aniara, doguwar waƙa mai kashi 103, a kan kumbon da ya kwaso mutane daga duniyar da ta lalace zai kai su Mars, sai ya kauce hanya, ya yi ta tafiya babu dawowa. Mutumin nan ya samu kyautar Nobel a 1974. A Amurka kuma akwai ƙungiya sukutum ta masu irin wannan waƙa, SFPA, wadda Suzette Haden Elgin ta kafa a 1978. Suna da mujallarsu Star*Line, suna da kyautar Rhysling da ake bayarwa duk shekara, ɗaya ga gajerar waƙa, ɗaya ga doguwa mai layi 50 zuwa sama. Har waƙar da ba ta wuce layi 10 ba suna da tata kyautar daban, Dwarf Stars. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, filin yana nan da mutanensa.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Kada ki fara da littafi. Ki fara da waƙa ɗaya da za ta iya tsayawa da ƙafarta a gaban editan da bai san ki ba, bai san kowa naki ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Me ya sa na ce haka? Na karanta guda biyun da kika saka mana a nan. Kina da kunne, wallahi, karin yana tafiya daidai, amsa-amon bai takura ki ba. Amma akwai abin da ke faruwa da kusan duk wanda ya fara wannan fanni: sai kimiyyar ta zama ado. A sa taurari, a sa kumbo, a sa haske mai walƙiya, amma in aka cire su aka sa wata da fitila, waƙar ba ta canja ba. To in haka ne, kimiyyar ba ta yi aikin komai ba ke nan. Gwajin da za ki riƙa yi wa kanki shi ne wannan: in na zare gaskiyar kimiyyar da ke ciki, waƙar za ta rushe? In za ta rushe, kin kama hanya.

Bari in nuna miki da misali. Saƙon rediyo daga Mars zuwa duniyarmu yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa kusan 22, ya danganta da inda duniyoyin biyu suke a kewayensu na rana. Wannan lissafi ne kawai. Amma ki ɗauki yarinya tana can, mahaifiyarta tana nan kwance ba lafiya. Ta ce "ya jiki?", sai ta zauna. Minti ashirin muryar tana tafiya, minti ashirin amsar tana dawowa. Me take yi da hannayenta a wannan zaman? Wane tunani ne yake zuwar mata? Sai ki ji baiti ya fito da kansa:

Inna na gaishe ki, muryar ta tafi,
Kafin ta iso, ko kina nan ko kin tafi.

Kin ga babu kumbo a ciki, babu tauraro, amma in kika cire nisan nan, baitin ya mutu. Irin waɗannan abubuwan suna nan jibge. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, 'yan sama jannati suna zagaye duniya cikin kusan minti 90, wato suna ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. To mutumin da ya saba auna ranarsa da hantsi da la'asar, yaya zai yi? A can kuma hawaye ba ya zubowa ƙasa, taruwa yake yi a kan ido ya zama ƙwallo, saboda babu nauyin da zai ja shi. A Mars faɗuwar rana shuɗiya ce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan waƙa ce mai jiran mai rubuta ta. Abu ɗaya dai, ki tabbatar da gaskiyar kafin ki gina a kanta, domin masu karanta wannan fanni suna da sa ido, kuma kuskure ɗaya a lissafi yana sa su daina yarda da sauran baitocin. Kuma gaskiya ɗaya ta ishi waƙa ɗaya. In kika cusa biyar, darasin aji kika rubuta.

Sai maganar turawa. Mujallu irin su Strange Horizons, wadda ke fitowa a intanet tun 2000, da Uncanny, da Asimov's, duk suna buga waƙa kuma suna biyan mawaƙi. Akwai FIYAH, wadda aka buɗe musamman don marubuta baƙar fata. Kowacce tana da shafin ƙa'idojinta: waƙa nawa za ki turo a lokaci guda, wane wata ƙofa take buɗe, ko sun yarda ki tura waƙar wani wuri a lokaci ɗaya. Ki karanta shafin nan kalma bayan kalma, ki kuma karanta waƙoƙin da suka buga a baya kafin ki tura. Wasiƙar da za ki haɗa da ita layi uku ya isa: ga sunana, ga waƙoƙina, na gode. Ba sai kin ba da haƙuri don ba ki taɓa bugawa ba. Da yawa daga cikin mujallun kuma sun rubuta ƙarara cewa ba sa karɓar abin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta.

Ga wani abu da ke ba ni takaici in na ga sabbin marubuta sun faɗa ciki, don Allah ki saurara da kyau. Abin da mujalla take saya a wurinki shi ne haƙƙin zama ta farko da ta fitar da waƙar. In kin riga kin saka ta a Facebook ko wani shafi da kowa zai iya gani, mujallu da yawa suna ɗaukarta a matsayin wadda aka riga aka buga, ba za su karɓa ba. Don haka waɗanda kika fi ji da su, ki ɓoye su tukuna. Ki nuna wa mutum biyu ko uku da za su gaya miki gaskiya, a keɓe.

Za a mayar miki da waƙoƙi, wannan babu makawa. Editan yana da gurbin waƙa kaɗan, abin da ake turo masa kuma ya ninka haka nesa ba kusa ba. Ki buɗe takarda ki riƙa rubuta wace waƙa, ina ta je, yaushe, me aka ce. Ranar da aka mayar da ita ki sake dubawa, in babu gyara ki tura gaba. In edita ya ɗauki lokaci ya rubuto miki ko da jimla ɗaya a kan waƙar, ki riƙe sunan mujallar, ki sake tura musu.

Na san za ki ce, to ai ni da Hausa nake rubutawa. Kada ki bari wannan ya sa ki sauya harshe. A 2022 kyautar Arthur C. Clarke, wadda ake ba littafin ƙagen kimiyya mafi fice da aka buga a Birtaniya, ta tafi ga Deep Wheel Orcadia, labari ne a waƙe da aka rubuta da karin harshen tsibiran Orkney na arewacin Sikotland, da fassarar Turanci a tare. Masu jin wannan karin ba su kai ko kusa da masu jin Hausa ba. Akwai kuma mujallar Samovar da ke buga fassara tare da asalin rubutun a harshensa, ki duba ko suna karɓa a yanzu. Ki rubuta da Hausarki, ki nemi wanda ya iya waƙa, ba wanda ya iya Turanci kawai ba, ku zauna a kan fassarar tare.

Kamfanin nan kuwa da ya ce ki biya, ni dai ban ba ki shawara ba. A ƙa'idar ɗab'i, kuɗi wajen marubuci yake zuwa. Wanda ya karɓi kuɗinki tun farko ya riga ya ci ribarsa, ba shi da sauran dalilin wahalar da kansa wajen sayar da littafin. In kin ga dama ki buga da kanki, wannan daban ne, kuma babu aibu: ke za ki biya mai gyara da mai zanen bango, ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, haƙƙin mallaka kuma yana hannunki. Amma duk takardar da aka miƙo miki, ki nemi wurin da aka rubuta haƙƙin me kike bayarwa, na shekara nawa, kuma yaushe zai dawo gare ki. In babu wannan a rubuce, kada ki sa hannu.

In waƙoƙi biyar ko shida suka fito a mujallu, sai ki zaɓi kamar ashirin da ke magana da juna, ki haɗa ƙaramin kundi mai shafi 20 zuwa 40. Ita ma SFPA tana da kyautar Elgin da ke da rukuni na irin wannan ƙaramin kundin. Cikin talatin ɗin nan naki, wataƙila goma ne za su shiga, sauran kuma sabbi ne da ba ki rubuta ba tukuna.

Yanzu ki zaɓo uku da ba ki taɓa sakawa ko'ina ba, ki turo min ta akwatina kai tsaye, kada ki sa a nan. Ƙarƙashin kowacce ki rubuta min, a jimla ɗaya, gaskiyar kimiyyar da ta dogara a kai. In sha Allah zan duba su kafin ƙarshen mako. Na gode, a gaida mutan gida.