Tambaya da Amsa: Takardun bincikena ba su cika ba, in cike sauran da kaina?

Tambaya: Malam, ni Kirista ce, ina ajin ƙarshe a wata jami'a a nan Kano. Furojet ɗina a kan 'yan kasuwar Kantin Kwari ne. Na raba takardun tambayoyi 200, guda 130 ne suka dawo. Abokan karatuna sun ce in cike sauran 70 da kaina, wai kowa haka yake yi. Zuciyata ta ƙi kwanciya. Zunubi ne?
Wata ɗaliba, Sabon Gari

Amsa: 'Yar'uwa, zunubi ne, kuma ba ma ki da bukatarsa. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 5. Hananiya da Safiratu sun sayar da gona, suka kawo wani kashi na kuɗin. Bitrus ya faɗa wa Hananiya cewa gonar tasa ce, kuɗin ma a hannunsa suke. Laifinsu shi ne sun kawo kashi suka nuna kamar duka ne. Takarda 130 ba abin kunya ba ce. Ki kira ta 200, nan ne kika yi shaidar zur, kuma da sunan mutum 70 da ba su ce komai ba.

Asarar ma ba ta kai yadda kike tsoro ba. Kashi 65 cikin ɗari ne suka dawo. In a kan ƙa'ida kika zaɓi mutanen, tazarar kuskure (wato iya yadda sakamakon zai iya kauce wa gaskiya) da mutum 200 kusan kashi 7 ce, da 130 kusan kashi 9. A babi na huɗu ki yi tebur: an raba 200, an karɓo 130, kaza sun lalace, da kaza aka yi aiki. A inda ake bayanin cikas ɗin bincike, ki faɗi dalilin. Amma kafin nan ki sanar da malamin da ke duba aikin, tun yau.

In ya ce sai an ƙara, koma kasuwa, amma sauya dabara. Ɗan kasuwa ba ya cike takardar da aka bar masa. Ƙarƙashin bandir ɗin atamfa za ta kwana. Fassara tambayoyin zuwa Hausa, ki nemi shugaban layin ya gabatar da ke, ki je da hantsi kafin ciniki ya kankama. Ki karanta, ya amsa, ki rubuta a gabansa. Kada ki je ranar Juma'a da rana. Kowace takarda ki sa mata lamba da kwanan wata.

Algus kuwa yana tona kansa. Mutum ɗaya ba ya iya tunanin mutum 70. Amsoshin sukan fito iri ɗaya, sumul, babu tambayar da aka tsallake, alhali takardar gaske ba ta rasa gurbi da gogewa. In an zuba su a SPSS, manhajar kwamfuta ta lissafin bincike, alƙaluman sukan yi kyan da ya wuce hankali. Ranar kare aiki kuma mai jarrabawa na iya cewa a kawo ainihin takardun, ya ga biro ɗaya da hannu ɗaya. Don haka ki adana naki 130 ɗin a ambulan har sakamako ya fito.