Hukuncin Ƙwayar Hana Barci ga Matuƙin Jirgin Yaƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matuƙin jirgin yaƙi ne. Idan aikin dare ya yi tsawo, likitan rundunarmu yakan ba mu ƙwayar hana barci, modafinil. Wani abokin aikina ya ce hukuncinta ɗaya da giya. Sannan idan na sauka a gajiye, wani lokaci sai rana ta fito nake farkawa ban yi Asuba ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya tsare ka a sama da ƙasa. Abin da na riƙe a maganarka shi ne cewa likita ne ke ba ku. Muddin shi ya auna, kuma ba ka ƙetare abin da ya ƙayyade ba, shan ta ya halatta. Ranar da ka fara neman ta da kanka, hukuncin ya canza.

Abokinka ya yi kuskuren ƙiyasi. Illar haramcin giya ita ce gusar da hankali, wannan kuwa ana shan ta ne don hankali ya tsaya a lokacin da gyangyaɗi guda zai iya halaka rayuka. Irin wannan garajen aka yi a Makka a 1511, aka hana gahawa da hujjar tana bugarwa, daga baya hanin ya rushe. Idan ya ce ai ana kamuwa da ita, to magunguna da yawa na asibiti haka suke, ba a haramta su ba, sai dai aka bar ragamarsu a hannun likita.

Sai dai, ɗana, ƙwaya ba ta biyan bashin barci, jinkirta shi take yi. Masu bincike sun nuna wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, natsuwarsa takan ragu kamar ta wanda ya ɗan sha barasa. A 2002 wani matuƙin Amurka ya saki bam bisa kuskure a kan sojojin Kanada kusa da Kandahar, huɗu suka mutu, kuma lauyoyinsa sun kawo batun wata ƙwayar hana barci, amfetamin, da aka ba shi. Idan ka ji jikinka ba zai ɗauka ba, wajibi ne ka faɗa wa shugabanka kafin ka hau jirgi. Ɓoye gajiya don gudun a ce ka yi rauni cin amana ne.

Asuba kuwa, ka saita ƙararrawa, ka kuma sa wani ya tashe ka. In barci ya rinjaye ka, ka sallace ta da zarar ka farka, babu zunubi. In ka sauka gab da alfijir, ka daure ka yi sallah kafin ka kwanta.

Wallahu a'alam.