Ɗakin matuƙi na rezin ya hana jikin MiG-21 rufuwa: ina gyaran yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙi na roba, MiG-21MF mai ma'aunin 1/48, kuma ina so ya fito da kamannin na Rundunar Sojan Sama ta Najeriya. Da na yi odar kwalin daga waje, sai na haɗo da ƙarin kaya: ɗakin matuƙi na rezin (wani abu mai tauri kamar roba da ake zubawa a mazubi ya daskare), bututun hayaƙi shi ma na rezin, faifan tagulla mai ƙananan sassa, da tsinken hanci (siririn bututun auna gudun jirgi) na ƙarfe. Yanzu na saka ɗakin matuƙin, ɓarin jikin jirgin biyu sun ƙi haɗuwa, akwai giɓin kusan milimita 2 ta sama. Gam ɗin roba kuma ya ƙi kama rezin ɗin. In matse da ƙarfi in cike giɓin ne, ko kayan ne ba su da kyau? Me kuma zan kiyaye a sauran aikin?
*Mai karatu daga Samaru, Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka matse. Da wuya a ce kayan ne suka lalace; abin da ya rage shi ne a kankare musu wurin zama a cikin robar, domin galibin ɗakunan matuƙi na rezin haka ake yi da su kafin su shiga.

Amma kafin ka ɗauki reza, duba takardar da ta zo da rezin ɗin. Kowane irin wannan saiti ana yin sa ne domin kwalin kamfani guda, kuma ana rubuta sunan kamfanin a jiki. Wanda aka auna da MiG-21 na kamfanin Eduard ba zai zauna lafiya a na kamfanin Academy ba, ko da ma'auninsu ɗaya. Ka kuma tabbata an rubuta MF, domin na MiG-21bis da na PF kowanne da fasalinsa. In sunan ya yi daidai, sai a shiga aiki.

Dalilin giɓin yana cikin lissafi. A ma'aunin 1/48, milimita 1 a samfuri milimita 48 ce a jirgin gaske. Bangon robar jikin jirgin yakan kai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, wato kamar a ce fatar jirgin gaske ta kai santimita 5 zuwa 7, alhali siririn ƙarfe ce. Masu yin rezin suna son faɗin ɗakin ya yi kusa da na gaske, don haka sai su ci wurin da wannan kauri ya tare. Giɓinka na milimita 2 yana nufin milimita 1 za ka rage a kowane ɓari, ka raba ta tsakanin robar da bayan rezin ɗin. Ba aiki ba ne mai yawa, haƙuri kawai yake ci.

In ka matse kuwa, ga abin da zai biyo baya. Jikin zai buɗe ta gaba, murfin gilashin ya yi wa ramin kaɗan, ƙashin bayan jirgin ya ƙi kwanciya, zoben bakin da iska ke shiga ya tashi daga da'ira ya koma kamar ƙwai. Fukafukan MiG-21 suna ɗan sunkuyawa ƙasa da digiri 2. Jiki ya buɗe, wannan kusurwa ta tafi. Kuma ɗinkin da aka haɗa bisa tilas yakan tsage bayan an gama fenti, musamman da zafin Maris da Afrilu, lokacin da gyara ya riga ya yi wuya.

Fara da gindin zubi, wato dunƙulen rezin da ke maƙale a ƙarƙashin ɗakin. Yanke shi da siririn zarto, kada ka cizge da filaya, rezin tsagewa yake yi. Sai ka shimfiɗa sanfefa mai lamba 400 a kan tayil ko gilashi, ka zuba ruwa, ka riƙa goga gindin kana juyawa don kada gefe ɗaya ya fi ci. Ka ci gaba har daɓen ya yi siririn da in ka ɗaga shi wajen haske za ka ga hasken na ratsawa. A wannan jirgi ramin tayar gaba yana tokare da ƙasan ɗakin matuƙi, saboda haka rufin ramin ma sai ka rage shi. Mutane da yawa sukan yi ta kankarar bango alhali a can ƙasa abin ya tokare.

Ruwan nan ba don sauƙin guga kawai ba ne. Ƙurar rezin tana cutar da huhu, kuma ba ta da nauyi, fanka na kaɗawa ta cika ɗaki. A jiƙe za ka yi duk wani yanka da guga, ka sa takunkumi, in ka gama ka goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan kuma a zubar inda yara ba sa wasa.

Daga nan sai cikin robar. Kankare duk zanen da kamfani ya yi a bangon ciki, da ƴan tudun da aka tanada don ɗakin roba na asali. Wuƙa mai lanƙwasasshen baki, irin lamba 10, ita ta fi. Ka tsayar da bakinta ka riƙa ja, ba yanka ba. Don ka san inda ya tokare, shafa fensir mai taushi a bayan rezin ɗin, ka rufe ɓarin biyu a hankali, ka buɗe: inda baƙi ya fito a robar, nan za ka kankara. Kankara kaɗan, gwada, sake kankara. Ka riƙa ɗaga robar wajen fitila. In wuri ya fara yin fari-fari kana ganin inuwar yatsanka ta baya, tsaya, ka koma kan rezin. Kada ka yi amfani da injin guga mai gudu, zafinsa narka roba yake yi ya huda ta.

Yaushe ka gama? Lokacin da ɓarin biyu suka haɗu da ɗan salatif ɗin takarda guda biyu ko uku, ba tare da ka danna ba, kuma gilashin gaba da ƙashin baya suka zauna daidai. Da su za ka riƙa gwadawa tun daga farko, domin su ne za su tona asirin jikin da ya buɗe. Ka sa kujerar ma ka gwada tsayinta. Kujerar MF ita ce KM-1, kuma in daɓen bai sauka sosai ba, kanta zai hana murfi rufuwa. Murfin wannan samfuri ta gefen dama yake buɗewa, ba ta gaba ba kamar na tsohon samfurin MiG-21F-13. Shawararmu ka bar shi a buɗe; bayan wahalar nan, asara ce a rufe ɗakin.

Batun gam kuwa, ba laifinsa ba ne. Gam ɗin roba irin Tamiya Extra Thin narka robar yake yi ɓarin biyu su zama ɗaya, kuma ba ya iya narka rezin ko ƙarfe. Waɗannan sufa-gulu suke so, ko gam mai bututu biyu irin Araldite. Ga ɗakin matuƙi mun fi son mai bututu biyun, domin yana ba ka ƴan mintuna ka daidaita. Shafa shi a ɓari ɗaya, ka ɗora ɗakin, ka rufe ɗaya ɓarin da salatif ba gam, ka leƙa ta gaba ka ga kujera ba ta karkace ba, ka bar shi ya kwana. Kafin duk wannan, wanke rezin ɗin da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, domin maiƙon da ke jikinsa daga wurin zubi yana hana gam da fenti kamawa. In wani sashe ya zo a lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafin da bai tafasa ba na ƴan daƙiƙu, ka miƙe shi, ka tsoma a ruwan sanyi.

Sufa-gulu kada ya kusanci gilashi. Tururinsa yana barin farin dabbare a ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Gilashi farin gam na kafinta, irin Top Bond, ya ishe shi: ɗigo uku da tsinken sakace, a goge rarar da jiƙaƙƙiyar auduga. Ka kuma sayi ƙananan bututun sufa-gulu maimakon babba, don zafin garin nan ba ya barin wanda aka buɗe ya daɗe.

Faifan tagulla shi ne inda ake ɓata lokaci a banza. Ba kowane abu da ke jikinsa ya cancanci sawa ba. Kaurinsa bai wuce milimita 0.1 zuwa 0.2 ba, don haka ya dace da abin da asalinsa falle ne: bel ɗin kujera, fuskar agogunan matuƙi, madubai, ƴan fukafukan tsinken hanci. Abin da asalinsa zagayayye ne, kamar bututun birki ko hannun ja, in aka yi shi da falle muni yake yi. Zare siririyar waya daga tsohuwar caja, ko dalmar masu gyaran waya mai kaurin milimita 0.3, ta fi shi kyau nesa ba kusa ba. Wajen masu sayar da kayan gyaran waya a PZ ko Sabon Gari ma za ka sami hantsaki mai tsinin baki da gilashin ƙara girma, da arha fiye da na oda.

A kan tayil za ka yanka, ba kan katako ko wani abu mai taushi ba, in ba haka ba sashen ya lanƙwashe. Manna salatif ɗin takarda a bayan faifan kafin ka yanka, don kada abin ya yi tsalle. Wanda ya faɗi kan tabarma ya tafi ke nan. Wajen lanƙwasa, danne shi da rula ta ƙarfe a kan layin, ka zura reza ta ƙasa ka ɗaga. Sau ɗaya ake lanƙwasawa, in ka mayar ka sake sau biyu ya karye. Wanda za a naɗe ya zama zobe, ɗan gasa shi da wutar laita har launinsa ya sauya, zai yi laushi. Amma wanda ya zo da fenti a jiki, kamar bel da agoguna, wuta ba ta taɓa shi. Ɗiga sufa-gulu a kan murfin kwalba, ka ɗauka da bakin allura, kada ka matso daga bututu kai tsaye.

Bututun hayaƙin zai buƙaci irin gwajin da ka yi wa ɗakin matuƙi, sai dai ya fi sauƙi. Abin lura shi ne nauyi: rezin a wutsiya na iya sa jirgin ya zauna da gindi, hanci a sama. Haɗa komai da salatif, ka ɗora jirgin kan fensir a daidai inda manyan ƙafafu suke. In ya rinjaya baya, sa nauyin giram 5 zuwa 10 a cikin mazubin hanci, wato tsinin da ke tsakiyar bakin iska. Dalmar da ake daidaita tayar mota da ita ko ƙwayoyin boris na babur duk sun yi, a kafe su da gam mai bututu biyu. Tsinken hanci kuwa huda masa rami tun yanzu, amma kada ka manna sai komai ya ƙare. A gefen dama yake zama, a saman bakin iskar.

Roba da rezin da tagulla kowanne da yadda yake karɓar fenti, don haka sai an yi musu shimfiɗa ɗaya da firama, wato fentin share fage, irin Mr. Surfacer 1200, feshi biyu marasa kauri. Cikin ɗakin MiG-21 launinsa shuɗi-kore ne mai haske irin na jiragen Tarayyar Sobiyet, mazubin hanci da tsakiyar tayoyi kuma kore. Fentin gwangwani na mota da ake sayarwa a kasuwa yana da tina mai zafi da ke cin roba. In dole sai shi, gwada a kan ragowar sandunan robar da sassan jirgin suka zo a maƙale da su tukuna.

Yanayin Zariya ma sai an yi lissafi da shi. Da hunturu iska ta bushe, fenti yakan bushe kafin ya sauka, sai fuskar jirgin ta yi kaushi kamar sanfefa. Maganinsa a ƙara tina, a rage iskar kwamfuresa zuwa wajen 15 psi, a matso da bindigar feshi zuwa santimita 8 ko 10. Yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin ka fara, kana gamawa ka kife roba mai murfi a kan jirgin saboda ƙura. Da damina matsalar juyawa take yi: ruwa na taruwa a tiyo, bindiga ta tofa shi kan fenti, don haka a sa matatar ruwa, a kuma guji feshi da hadari a gari. Salatif ɗin da ka rufe gilashi da shi kada ya wuce mako biyu da zafi, gam ɗinsa narkewa yake yi ya manne.

Game da kamannin Najeriya, rundunar ta karɓi MiG-21MF ne a tsakiyar shekarun 1970, kuma tambarinta da'ira ce kore, fari, kore. In ba ka sami sitikar ruwa ba, wato tambarin da ake jiƙawa a manna, za ka iya yanka da'irorin a salatif da kamfas mai reza ka fesa: fari da farko, sannan kore. In ka samu kuwa, a kan fenti mai sheƙi ake manna ta, domin a kan mai dishi-dishi iska na maƙalewa a ƙasa ta bar farin kewaye. Wajen neman hotunan da za ka bi, ka lura kada ka ɗauko na F-7NI. Shi ƙirar Sin ne da ya samo asali daga MiG-21, ya shigo rundunar daga baya, kuma fukafukansa da gilashinsa da ƙashin bayansa duk sun bambanta da na jirgin da ke kan teburinka.