Tambaya da Amsa: Wane kayan gyaran kwamfuta zan ajiye a shago, wanne zan bari sai an nema?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni matashi ne daga wani gari a yankin Gumel, shekara uku na yi a Kano ina koyon gyaran kwamfuta wajen maigidana, bara ya yaye ni na dawo gida na kama ɗan shago. Alhamdulillah aiki yana ɗan shigowa, ɗaliban kwalejin ilimi da malaman makaranta da masu bizines santa, to amma matsalata duk aikin da ya zo sai na ce wa mutum ya jira in shiga Kano, wani ya jira wani kuma ya ɗauki abarsa ya kai da kansa. Da na gaji sai na sayo batir shida da sikirin huɗu na ajiye, yau wata bakwai sikirin ɗaya kacal na saka, batiran kuma biyu sun kumbura a cikin kwalinsu. Yanzu Baba ya sayar da riɗi ya ba ni naira dubu 400 in ƙara jari kuma wallahi tsoro nake ji kar in sake maimaita kuskure. Dan Allah Malam me zan saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya saka wa Baba da alheri, kuɗin riɗi kuɗin gumi ne, kuma na ji daɗi da ka tsaya tambaya kafin ka hau mota.

Abin da ya same ka ba rashin iya aiki ba ne, ka sayi kaya ne irin na shagon maigidanka alhali garinka daban. Shi a Kano yake, in sikirin bai shiga a wajensa ba maƙwabcinsa zai karɓa kafin la'asar, kai kuma in kaya ya yi kwantai babu wanda zai ɗauke maka shi. Don haka kafin ka taɓa ko sisi ka sayi littafi mai layi ka zauna ka tuno duk aikin da ya zo maka tunda ka buɗe, wace kwamfuta ce, wace lamba, me ya same ta, me ka saka mata, harda wanda ya tafi saboda ba ka da kayan, shi ma fa ka rubuta shi don shi ne ya fi nuna maka inda kuɗi ke zurarewa. Littafin nan ya fi ni sanin garinku. Ni dai abin da nake tambayar kaina a kan kowane kaya shi ne, kwamfuta iri nawa yake shiga, kuma in ya yi wata shida a kanta zai lalace ko ba zai lalace ba. Wanda yake shiga da yawa kuma zama ba ya ɓata shi, shi ake ajiyewa. Batir da sikirin da ka saya duk sun faɗi wannan jarrabawar.

Ka fara da caja. A ƙauyukanmu babu abin da ke mutuwa kamar caja, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona, janareta ya yi sama ya yi ƙasa, inbata mai araha, ɓera ya ci waya, ga kuma masu nannaɗe wayar tam a jikin cajar har ta karye daga gindi. Kuma mai neman caja ba ya jira, yau yake so. HP ta fi yawa a hannun mutanenmu, bakinta iri biyu za ka fi gani, mai shuɗin baki ƙarami 4.5mm wanda yake ba da 19.5V, da babban baki 7.4mm na tsofaffi. Ka ɗauki masu 65W da ɗan yawa domin suna ɗaukar kwamfutar da ta zo da 45W lafiya lau, amma ƙarama ba ta iya ɗaukar nauyin babba. Dell ma 19.5V ce kuma bakinta kamar na HP sak, a nan ne yara da yawa ke ruɗewa, akwai ɗan tsinke a tsakiyar bakin wanda ta shi kwamfutar ke gane cajar gidansu ce ko ba ita ba, in ba ta gane ba sai ka ga ta kunnu amma batir ya ƙi caji ko ta dinga nauyi, don haka ka ajiye na Dell daban. Lenovo 20V ce, mai baki murabba'i kamar na USB. Toshiba da Asus galibi 19V baki 5.5 da 2.5, Acer ita ma 19V amma raminta ya fi tsukewa, waɗannan ɗaya ɗaya ko biyu biyu sun isa. Sai Type-C mai 65W ko da biyu, domin sababbin shigowa ita suke ci. Kar ka manta da wayar wuta mai rami uku, sau da yawa ita ce ta mutu ba cajar ba, kuma tsakani da Allah in ita ce ka gaya wa mutum ita ce.

Jabun caja kuwa ka guje ta ko da kyauta aka ba ka. Ka ɗaga ka ji nauyi, jabu sakayau take, kuma in ka jona ta za ka ga maus ɗin jikin kwamfutar yana tsalle shi kaɗai. Ni a ganina orijina ta hannu ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, araha ba ta ado. Ka tafi da mitarka ka gwada kowacce a gaban mai sayarwa.

Na biyu SSD, wato ma'ajiyar bayanai da ke maye gurbin had dis, wannan shi ne zai ɗaga sunan shagonka. Tsohon had dis faifai ne yake juyawa a ciki, yawanci sau 5400 a minti ɗaya, ka ga kuwa kwamfutar da ake goyawa a babur kan hanyar burji, wani ma ko kashe ta bai yi ba ya rufe kawai ya cusa a jaka, ko wadda batirinta ya mutu duk sanda aka ɗauke wuta sai ta mutu ɗif, ai faifan nan ba zai yi ƙarko ba. SSD mai inci 2.5 SATA yana shiga kusan duk tsohuwar laftof da ma destof, ba ya juyawa ba ya tsoron jijjiga, kuma malamin da yake jiran minti biyar kafin kwamfutarsa ta buɗe in ya ga ta buɗe nan take da kansa zai kawo maka abokan aikinsa. Ka ɗauki 128GB da 256GB, na 256 ya fi yawa. Amma M.2, wato ɗan siririn SSD, ka yi a hankali, akwai SATA akwai NVMe, kamanninsu kusan ɗaya kuma ba kowace kwamfuta ke karɓar duka biyun ba, ɗaya ɗaya ya wadatar har littafi ya nuna maka wanda ake nema.

Ram ma, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi, ba ya lalacewa don ya zauna. Ga wani abu da zai rage maka kashe kuɗi, DDR3 na yau da kullum 1.5V yake ci, DDR3L kuma 1.35V, za ka ga an rubuta PC3L a jikinsa. Irin su HP EliteBook 840 G1 da G2 da Folio 9480m sai mai L ɗin, shi kuma mai L yana aiki a yawancin tsofaffin da suka zo da DDR3, toh ka ga sai ka sayi mai L kawai ka huta. Daga 840 G3 zuwa sama DDR4 ne, PC4 a rubuce, tsagar jikinsa ma ba wuri ɗaya take da na DDR3 ba don haka kar ka danna da ƙarfi. Ka ɗauki 4GB da 8GB. Sai dai kar ka tara DDR3 da yawa, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga Intel ƙarni na 8 take farawa, sannu a hankali kayan da ke shigowa za su canza duk da a ƙauye tsofaffin za su jima tukuna.

Sai ƙananan kaya da ake rainawa, batirin agogo CR2032 na kwamfutar da kullum kwanan wata ke ɓacewa, man da ake shafa wa farosesa, sifirit, dalma, gam mai ƙarfi na ɗaure hinji, bakin caji na HP da Dell, maus da kibod na USB, ɗan wayfay na USB, filas biyu na saka Windows, burushi da abin hura iska. In hunturu ya shigo hazo ya sauka ƙura ke toshe fanka, kwamfuta ta dinga zafi tana kashe kanta, aikin ba ya cin komai sai buɗewa da sharewa da sabon mai, ribarsa kusan duk taka ce.

Yanzu batir. Abin da ya kumbura maka su zafi ne da daɗewa, shagon kwano a Afrilu da Mayu waje ma ya haura digiri 40 balle ciki, batirin lithium kuma ko ba a aiki da shi tsufa yake, kuma ba ka san wata nawa ya yi a sito kafin ya zo hannunka ba. Biyun da suka kumbura dan Allah kar ka sayar wa kowa, kar ka huda su, kar ka jefa a wuta ko inda yara ke wasa, suna iya kamawa da wuta. Huɗun da suka rage ka sa musu caji kamar rabi ka ajiye a wuri mai sanyi, ka karya farashi su fita. Daga yau batir sai an nema, kowane da lambarsa, HS04 daban OA04 daban JC04 daban, CM03XL na 840 G1 ba zai shiga G3 mai cin CS03XL ba. In littafi ya nuna wata lamba tana zuwa maka duk wata, ita kaɗai ka ajiye guda ɗaya.

Sikirin ma haka, inci 14 ko 15.6, fin 30 ko fin 40, siriri ko mai kauri, mai kunnen noti ko marar kunne, ka ga kafin ka dace da wanda ya zo daidai sai an sha wuya, ga saurin fashewa. Cikin ukun da ke hannunka ka riƙe ɗaya na gwaji, biyun ka koma da su Kano ka yi musaya da caja ko da za a ɗan rage maka. Kibod na jikin laftof shi ma kowane da gidansa, kuma ku da kuke kusa da Maigatari, bakin iyakar Nijar, wata rana za a kawo maka mai tsarin Faransa wanda A take a gurbin Q, sai ka duba kafin ka aika a kawo. Bod kuwa, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke jone a kansa, ko kusa kar ka ajiye sabo.

Inda za ka samu irin waɗannan a araha shi ne gawar kwamfuta. Wanda bod ɗinsa ya ƙone ya haƙura, ka saya a hannunsa, a ciki akwai hinji da fanka da kibod da murfi da wayar sikirin da notuka, wani lokacin sikirin ɗin ma lafiyarsa ƙalau. Ka rubuta lambar kowacce a jikin leda ka jera. Amma ka san a hannun wa kake saye, yaron da ya zo da magariba yana sauri ba rasit ba caja, ka ba shi haƙuri ya wuce, kuma ka cire had dis ɗin ka miƙa wa mai ita domin hotunan iyalinsa da takardunsa amana ne.

Kuɗin nan kar ka kashe su duka, ka bar kamar kashi ɗaya cikin uku a hannu. Kayan nan da dala ake shigo da su, ka ga yadda dala a farashin gwamnati ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, don haka duk sanda za ka sayar ka kira ka ji farashin yau, ba wanda ka sayo ba, in ba haka ba za ka sayar ka kasa mayar da gurbinsa. Sannan ka nemi mutum ɗaya mai amana a titin Beirut ko Fam Santa a Kano, maigidanka zai haɗa ka, ka ɗauki hoton lambar kayan ka tura masa ta WhatsApp, ya ba direban garinku a tashar 'Yan Kaba, ku yi magana tun farko cewa in bai yi ba za ka dawo da shi. Mai kwamfuta kuma ya ba da kafin alƙalami ko da rabi kafin ka aika, ka faɗa masa rana ka cika. Mutanenmu suna jira in sun san ranar, abin da ke korar su shi ne gobe jibi.

TAMBAYA: Salam Malam, ni mace ce ina da ɗan bizines santa a yankin Rano, destof shida da firinta biyu, mai gyaranmu yana nesa. Me ya kamata in ajiye da kaina musamman lokacin rajistar JAMB?

AMSA: Wa'alaikis salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ki ajiye maus da kibod biyu biyu, wayar wuta, wayar VGA, batirin CR2032, waɗannan duk ke ma za ki iya canzawa. Sai fawa fak guda ɗaya, wato akwatin da ke ba destof wuta, domin shi wuta ta fi kashewa a destof, amma ki sa mai gyaran ya buɗe ya duba miki tukuna, yawancin ƙananan destof na HP da Dell na ofis fawa fak ɗinsu na gidansu ne, ba mai fin 24 da ake samu ko'ina ba, in kika sayi na gama-gari ba zai shiga ba. Firinta kuma ki duba lambar tonarki, in HP ce, P1102 85A take ci, 1020 12A, P2035 05A, ki ajiye ɗaya cike a gefe da garin tona na ƙari, da robar da ke jan takarda don ita ke sulɓewa ta dinga ƙin ɗauka. Ki yi sayayyar tun kafin a buɗe rajista, kuma in akwai hali ki sa sitabilaiza tsakanin janareta da kwamfutocin.