Amsa ga amaryarmu kan sarƙar azurfar da ta yi baƙi

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Amarya na saurari saƙonki, kika ce sarƙar azurfar nan ta Agadas mai murjani da aka sa miki a lefe ta fara baƙi, wai an ce ki jiƙa ta a ruwan lemon tsami ki goge da makilin. Don Allah ƙanwata kar ki yi, ki dakata tukuna ki ji.

Baƙin nan ba wai an cuce ki ba ne, azurfa ta gaske ma haka take yi. Ko wadda aka buga wa 925 ɗin nan, ai kashi 92.5 ne azurfa, sauran yawanci jan ƙarfe ne. Sinadarin farar wuta da ke cikin iska shi ke dusashe ta, ga gumi, ga hayaƙi, ga albasa da ƙwai in kina girki da ita, har robar ɗaure kuɗi in kika naɗe ta da ita sai ta bar mata baƙin layi.

To matsalar ita ce sarƙarki ba ƙarfe ne zalla ba. Murjani daga teku yake, kusan jinsinsu ɗaya da alli, tsami cinye shi yake yi, kina tsoma shi a lemon tsami ko ruwan tsamiya jan nan mai sheƙi zai koma fari-fari kamar ya yi kirci, kuma wallahi ba ya dawowa. Aƙiƙ ne mai tauri, shi yana jure wanki, amma shi ma in da gam aka manna shi ruwan zafi zai sake shi.

Sannan ki ɗaga ta a haske ki duba zanen da maƙeran Buzaye suka yi da hannu, 'yan layukan nan sirara da ɗige-ɗige. Baƙin da ke kwance cikin ramin zanen shi ke fito da adon, kin gane ko? Shi ya sa dabarar nan ta hodar baking soda da takardar alminiyam a ruwan zafi ba ta dace da irin taki ba, za ta kwashe baƙin duka, zanen ya dushe. Makilin kuma karce ta yake yi. Haipo, ruwan bilicin wankin nan, kam ko kusa.

Abin da za ki yi, ki samu tsohon ƙyalle mai laushi na auduga, ki ɗan jiƙa gefe ɗaya da ruwa mai ɗumi da sabulu kaɗan, ki bi ƙarfen kawai a hankali, ki sake bi da ruwa zalla, ki tsane ta tas. Murjanin kuwa ƙyalle mai ɗan danshi ya ishe shi. Kar ki jiƙa zaren, yana ruɓewa ta ciki ba ki sani ba sai ranar biki ya tsinke miki a tsakiyar taro.

Sai maganar humra da turaren wuta, na san mu da ƙamshi sai Allah, amma ki gama shafa mai, ki turara jiki da kaya, ki fesa turarenki ya bushe, sannan ki sa sarƙa. Kina dawowa gida ita ce farkon cirewa, ki goge gumin kafin ki ajiye.

Wajen ajiya kowacce da 'yar jakarta, kar ki zuba su gwangwani ɗaya da awarwaron tagulla na Bida da zobban aƙiƙ, suna gogar juna. Ki sa a leda mai zif da ɗan guntun alli ko 'yar ƙunshin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, tana tsotse danshi, musamman da damina. Ita tagulla in ba dutse a jikinta, lemon tsami da gishiri na fitar da koren, sai a ɗauraye a busar nan take.

Ki turo min hoton maƙullin sarƙar da bayan ƙarfen in gani, in baƙin ya yi yawa gara ki kai wa maƙeran azurfa su cire murjanin su wanke ta daban su sake shiryawa da sabon zare. A gaida angon.